Basic ko Standard: wanne ya dace da mai zanen fosta?

Ɗan'uwa, ka ce kana yi wa mutane fosta da bangon littafi, kana son shiga Midjourney, manhajar da ke zana hoto da ƙirƙirarriyar basira (AI), amma ka rasa tsarin da za ka biya tsakanin Basic na dala 10 a wata da Standard na dala 30.

Kada ka ɗauka mai tsada ya fi fitar da hoto mai kyau. Inji ɗaya ne. Lokaci kake saye: Basic na ba ka kusan awa 3 da minti 20 na aikin gaggawa, wanda suke kira Fast, Standard kuwa awa 15. Umarni ɗaya, wato bayanin hoton da ka rubuta masa, na cin kamar minti guda, ya kawo maka hotuna 4, wato Basic bai wuce umarni 200 a wata ba. Idan ya ƙare, ko ka sayi ƙarin awa a dala 4, ko ka jira sabon wata. Abin da ya rage kuma ba ya tsallakawa zuwa gaba.

Za ka ga kamar 200 ta wadatar, sai ranar da ka haɗu da mai aiki mai tsantseni. Kwanan baya wata marubuciya ta kawo mini bangon littafi. Ta ce a canza launin mayafin, na canza. Ta ce a ƙara lalle a hannu, sannan a mayar da ƙofar zauren irin ta da. Kafin la'asar na gwada fiye da sau 40, bango ɗaya tal!

A nan Standard ya tsere masa, domin yana da Relax: ka tura umarni, ka bi layi na ɗan lokaci, amma babu iyaka. Ni da shi nake duk gwaje-gwajena, in ajiye Fast don aikin da ake tsaye a kaina. Basic ba shi da wannan sam.

Tsarin Pro na dala 60 a wata sai in kana da abin ɓoyewa, don shi da Mega, tsarin da ke sama da shi, ne kawai ke da Stealth, mai hana jama'a ganin hotunanka.

In koyo kake, Basic ya ishe ka. Tunda kuwa da wannan kake cin abinci, ɗauki Standard. Biyan shekara na rage kashi 20 cikin 100, amma ka fara da wata ɗaya tukuna, ka ga ko aiki biyu ko uku za su mayar maka da kuɗinka.