Gargaɗi: mai sayar da tsoffin hotunan motoci masu kala ya cinye mini naira dubu 205

Jama'a, akwai wani macuci a Facebook da yake tallar hotunan tsoffin shagunan sayar da motoci na Amurka, wai na asali ne masu kala, gadon wani Bature da ya rasu. Ƙarya yake yi. Naira dubu 205 ya cinye mini: dubu 180 kuɗin hotuna uku, dubu 25 wai na fito da su daga kwastan.

Fentin mota ne sana'ata, so na yi in rataye su a ofishin gareji. Kada wani ya zo ya ce mini ban san mota ba. Na san Ford ta fara ƙera motar Model T a 1908, kuma kafin 1914 tana fitowa da ja da kore da toka da shuɗi. Daga 1914 zuwa 1925 ne aka koma baƙi zalla. Shi ya sa da na ga motocin Model T a hoton jere a gaban shago, wata ja wata shuɗiya, na tambaye shi shekarar. Da bakinsa, a saƙon murya, ya ce, "Alhaji, 1912 ne, wallahi ba a taɓa hoton nan ba." Har yanzu muryar tana kunnena. Ya ce wallahi. Mutum ya rantse maka da Allah, shekarar kuma ta yi daidai da abin da ka sani, me kuma za ka nema? A take na tura dubu 180.

Dubu 25 ɗin ma, ina jin kafin nan ne ya fara maganarta, ko bayan ya ga alat, zan duba hirar. Abin da na tabbata shi ne ya kira ni da dare yana cewa kaya sun maƙale, in ba a biya ba za a mayar da su.

Da ƙunshin ya iso na buɗe a gaban yarana, har ina kiran maƙwabta su zo su gani. Takardar sabuwa ce fil, irin ta gidan wankin hoto, an goga wa bayanta wani abu kamar ruwan shayi don ta yi kama da tsohuwa. Jan fentin motar gaba ya tsallake ya hau hannun mutumin da ya dafa ta. Taya ɗaya ta koma ruwan hoda. A waya duk wannan ba ya fitowa, don ƙananan hotuna ya turo mini. Sannan gaban motocin ba tagulla ba ne kamar na 1912, baƙin ƙarfe ne, irin wanda Ford ta koma yi daga 1917. Ke nan motocin nan baƙaƙe suka fito daga masana'anta, kwamfuta ce ta shafa musu kala. Ford kuwa ba ta dawo da kala ba sai 1926. Hoto mai kala na wancan zamanin ma, Autochrome na 1907, a kan gilashi ake yin sa, ba takarda ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ƙanina ya bincika a intanet ya samo ɗaya daga cikinsu baƙi da fari a rumbun hotunan Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, kowa yana iya saukewa kyauta. Kyauta! Ni kuma dubu 205. Kuɗin da zan sayi fenti da tina ne na aikin mutane.

Na tura masa hoton na asali, ya ce "Alhaji, ka yi haƙuri, zan bincika." Daga nan ya toshe ni ko'ina, lambarsa a kashe. Kuma wannan mutumin ne ya ce mini wallahi 1912.

Saƙon muryar yana nan, rasit ɗin banki biyu suna nan, hotunan hirarmu duka na adana, zan ɗora su da zarar na gama da banki. Ku dai kada ku tura wa kowa kuɗin tsohon hoto sai kun riƙe takardar a hannunku. Na ga ya buɗe sabon shafi, da hotunan nan uku dai.