Sharhi kan darussan Pygame na filashi: buɗe wasa ba wuya, rufe shi ne aka kasa koyarwa

Darussan bidiyon nan na Pygame da ake tura wa mutane a filashi a wani shagon kwamfuta a Dutse na saya wa yaran da ke koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, a nan gefen Ringim. Pygame kuwa kayan aikin Python ne na haɗa wasannin kwamfuta.  Da farko sun burge ni: malamin da Hausa yake bayani, ba ya gaggawa, kuma ya saka fayil ɗin girka Pygame a cikin filashin. A garin da sai ka fita bakin titi kafin sabis ya kama, wannan taimako ne babba.

Darasin rufe taga ne ya ɓata mini rai. Abin da ya koyar shi ne while True, a ƙarƙashinsa for event in pygame.event.get(), sannan idan event.type ya zama pygame.QUIT, wato saƙon da ke zuwa in an danna X ɗin rufe taga, a kira pygame.quit(). Daga nan ya wuce. Yaro ya danna X, tagar ta ɓace, sai jan rubutu ya cika IDLE, manhajar da ake rubuta Python a ciki: "display Surface quit", wani lokaci kuma "video system not initialized". Yaron da bai daɗe da fara riƙe maus ba sai ya janye hannu, yana zaton ya lalata laftop ɗin makaranta.

Dalilin a fili yake. pygame.quit() sassan Pygame kaɗai yake kashewa, ba ya tsayar da Python. Madaukin, wato while True ɗin da ke maimaita umarni, yana nan yana juyawa. In ya isa screen.fill ya tarar babu allon da zai shafa wa launi, saƙon farko ke nan. In babu zane, ya koma neman saƙonnin maus da kibod alhali an kashe sashen, na biyun ke nan. A darasi na gaba malamin ya ƙara break wai ya gyara, alhali break daga for kawai yake fitar da kai, while ɗin bai san an yi ba. Haba malam, layi uku fa ke nan!

'Yan'uwa masu koyarwa, ga yadda ake yi. Kafin madauki a rubuta running = True, a mai da while True ya zama while running. In QUIT ya zo, a sa running = False kawai. Zagayen zai ƙarasa zanensa lafiya ya fita. Sai a ƙasa, a farkon layi ba tare da tazarar nan huɗu ba, a rubuta pygame.quit(), a bi shi da sys.exit() in an sa import sys a sama. A IDLE kada a manta da pygame.quit(), don in babu shi tagar kan sandare ta ƙi tafiya. A lura kuma da baƙaƙen: QUIT da manya saƙo ne, quit da ƙanana umarni ne. In yaro ya kwatanta event.type da pygame.quit, Python ba zai yi ƙorafi ba, X ɗin ne kawai zai daina aiki. Wanda zai cika allo da wasan kuwa dole ya sa wa Esc hanya, tunda babu X: a tabbatar saƙon KEYDOWN ne tukuna, wato na danna maɓallin kibod, sannan a duba ko event.key ya zama pygame.K_ESCAPE, don saƙon maus ba shi da key.

Na so in ce duk da haka a saya. Amma da na tuna babu clock.tick(60), umarnin da ke hana madauki wuce zagaye sittin a sakan ɗaya, ko sau ɗaya a cikin darussan, sai raina ya sake ɓaci. In babu shi, madaukin gudu yake iya ƙarfin na'ura, fanka na ihu, batirin da aka kai caji wurin mai sola ya zube kafin la'asar. Ga kuma time.sleep(5), umarnin dakatawa na sakan biyar, da malamin ya cusa a tsakiyar wasa, wanda ke hana karɓar saƙonni har Windows ta rubuta "Not Responding", wani lokaci sai an danna Ctrl, Shift da Esc an buɗe Task Manager an kashe wasan da ƙarfi.

In akwai wanda ya iya a kusa da zai gyara waɗannan wuraren, a saya don Hausar da fayil ɗin. Yaro shi kaɗai kam ban ba da shawarar a miƙa masa ba.