Fitilar UVB ta ƙadangare mai gemu: wacce ta cancanci kuɗinka?

Ƙadangare mai gemu ɗan busassun yankunan tsakiyar Ostareliya ne, rana ce abincinsa na biyu. In hasken UVB, wani ɓangare na hasken rana da ido ba ya gani, bai taɓa fatarsa ba, jikinsa ba zai haɗa bitamin D3 ba, kuma komai yawan hodar kalsiyam da ka barbaɗa a kan gyaren da kake ba shi ya ci, ba za ta kai ƙashi ba. Sai ka ga muƙamuƙi ya yi laushi, ƙafafu suna karkarwa. Ajiye keji a bakin taga ba ya magani, gilashi yana tare UVB.

Ni dai doguwar fitilar T5 HO, siririn bututu mai ƙarfin haske, nake so, ba na ɓoyewa, irin Arcadia 12% ko ReptiSun 10.0 ta Zoo Med. Ka sayi mai tsawon rabin keji ko ɗan fiye, haske ya sauka masa daga kai har wutsiya, ɗaya gefen kuma ya zama inuwar da zai koma in ya ƙoshi. Ka sa ta a gidanta mai ƙarfe mai sheƙi da ke maido da haske ƙasa, kusa da fitilar zafi, tazarar santimita 30 zuwa 40 daga gadon bayansa. In akwai raga a tsakani, tana cinye kaso mai tsoka, sai ka ɗan matso da ita. Awa 12 a kunne, da dare a kashe. Bayan shekara ka canja ta ko da tana haske tar, domin UVB ɗin yana riga hasken da ido ke gani mutuwa.

T8, doguwar fitila mai kaurin bututu, ba ta kai T5 ƙarfi ba, kuma wata 6 ta gaji. Murɗaɗɗen ƙwai kuwa ɗan wuri kawai yake haskawa. Mai tururin zaiba yana haɗa zafi da UVB, amma ba ya yarda a rage masa wuta.

Inda ake cutar mutane shi ne jabu. An taɓa sayar mini da fitila a kwali mai kyau, an buga UVB ɓaro-ɓaro, da na sa ma'auni a ƙarƙashinta lambar ko motsi ba ta yi ba. Ka guji ƙananan ƙwayayen da aka rubuta wa "UVA+UVB" ba sunan kamfani, da fitilun LED masu arha. Wasu ba sa fitar da komai, wasu kuma suna fitar da hasken da ke ƙona ido, ka tarar da dabba ta rufe idanu ta daina ci. Kada ka sayi wadda wani ya yi amfani da ita, ba ka san awowin da ta ci ba. Ɗan katin gwajin UVB mai canja launi ma kada ya ruɗe ka, UVA kaɗai, wani hasken da ba ya haɗa D3, na iya rina shi. Solarmeter 6.5, na'urar auna ƙarfin hasken UV, ce ke faɗin gaskiya: ka ɗora ta daidai inda ƙadangaren yake shan ɗumi, ka nemi lamba 4 zuwa 6.