OpenLDAP ko 389 Directory Server: wanne za ka bari a kan kwamfutar?

Ɗan'uwanmu na Samaru, ka ce ka saka OpenLDAP a kwamfutar tebur mai Ubuntu domin ka tara sunayen ɗalibai da kalmomin sirrinsu wuri guda. Ya shiga lafiya, amma da ka gwada ldapsearch, umarnin neman bayanai a cikinsa, sai ya ba ka kuskure mai lamba 49. Ka koma kan 389 Directory Server, wata manhajar mai irin wannan aiki, shi kuma ya ƙi tashi gaba ɗaya. Kana tambaya wanne ya fi.

Kada ka goge komai tukuna. Ina kyautata zaton sunan kwamfutar ne tushen matsalar farko. Buga hostname -f ka ga abin da zai fito.

Nan ne halin manhajojin biyu ya bambanta. A Ubuntu, slapd, wato sabar OpenLDAP, ba ya gardama lokacin sakawa. Yana duba sunan na'urar ya gina tushen bayanansa daga shi, idan kuma bai samu cikakken suna ba, sai ya sa dc=nodomain ya wuce abinsa. Kai kuma ka zo kana shiga da wani tushen da ka raya a ranka, sai ya ce bai san ka ba. Lamba 49 ke nan, ko da kalmar sirrinka daidai ce. Gyara sunan kwamfutar a fayil ɗin /etc/hosts, sannan ka buga dpkg-reconfigure slapd ka ba shi sunan da kake so. Wannan zai sake gina rumbun, don haka yi shi yanzu da babu kowa a ciki. Kuma don Allah kada ka buɗe fayilolin /etc/ldap/slapd.d ka gyara da hannu, ldapmodify aka tanadar wa wannan aiki.

Shi 389 tun a bakin ƙofa yake tsare ka. Umarnin dscreate yana so ka ba shi cikakken sunan na'ura da kalmar sirrin Directory Manager, wato babban mai kula da shi, kafin ya gina komai, kuma idan ya faɗi, yakan rubuta dalili a /var/log/dirsrv. Wannan hali nasa yana burge ni. Sai dai a naka lamarin, dalilin ƙin tashinsa a fili yake: su biyun ƙofar sadarwa (port) ɗaya suke nema, mai lamba 389, da 636 don haɗi mai kariya, kuma slapd ya riga ya zauna a kan ta farkon. Buga ss -ltnp za ka gan shi.

Asalinsu ma yana da tasiri. OpenLDAP ya fara ne a 1998 daga aikin Jami'ar Michigan ta Amurka, Debian da Ubuntu kuma sun daɗe da shi, taimako a kansa ba ya wuya. 389 ɗan gidan Red Hat ne, an sake shi ga jama'a a 2005, a Fedora ya fi sakewa. Red Hat ma ta cire sabar OpenLDAP daga RHEL 8, wato Red Hat Enterprise Linux 8.

Sai maganar wuta, tunda Zariya muke. Idan aka ɗauke ta ana tsakiyar sakawa, dpkg --configure -a zai ƙarasa abin da ya tsaya rabi. Rumbun LMDB na OpenLDAP yana jure yankewar wuta ba laifi, amma ka sa UPS, ka riƙa ajiye kwafi da slapcat a wata na'urar.

Tunda Ubuntu ce a hannunka kuma ɗakin kwamfuta guda ne, tsaya kan OpenLDAP ka cire 389. Turo mana abin da hostname -f da journalctl -u slapd suka nuna idan 49 ɗin ta ƙi tafiya.