Allurar kashe zafin hannu kafin tiyata: ta yi min rana, amma a shirya wa daren farko

Faɗuwa na yi a babur, ƙashin wuyan hannuna na hagu ya karye, aka ce sai an sa ƙarfe. Ina da asma, don haka allurar barci ce babbar fargabata. Likitan sa barci ya ce ba sai an kai ga haka ba, hannun kaɗai zai kashe.

A hammata ya yi min allurar kashe zafin. Ya ce akan yi a gindin wuya ma, amma can kusa da huhu ne, shi ya sa ya guje shi saboda ƙirjina. Ya ɗora na'urar sikanin yana kallon jijiyoyin a allo, yana tura maganin kewaye da su a hankali. Bupivacaine ne, mai daɗewa a jiki. Tsirawar ba ta fi ta allurar zazzaɓi zafi ba. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 hannu ya yi ɗumi, ya yi nauyi, ya sage gaba ɗaya.

Idona biyu aka yi aikin, an kare ni da labule. Ina jin ƙarar injin huda ƙashi da hirar ma'aikata, ina jin ana jijjiga ni, amma zafi ko ɗis. Mai raunin zuciya ya roƙi a ba shi ɗan abin gyangyaɗi, don ƙarar nan ba daɗi. Na fito ba amai, ba jiri, ba kaushin maƙogwaro, da yamma har na sha kunu. Duk da haka sai da aka hana ni cin abinci tun dare, ko da allurar za ta ƙi kamawa a koma ta barci.

Inda na ga gazawa shi ne bayani. Ba wanda ya gaya min yadda take sakin mutum. Cikin dare yatsu suka fara tsikari, kafin awa ɗaya zafi ya dawo da ƙarfinsa har na kasa kwanciya. Da safe wata nas ta ce min: "Malam, ai tun hannu na sage ake fara shan maganin rage zafi, ba a jira." Da ma jiya aka faɗa!

A bar hannun a rataye, a nisanta shi da ruwan zafi da murhu, don zai iya ƙonewa ba ka sani ba. In za a sake min aiki, allurar nan zan zaɓa, amma sai an rubuta min lokacin shan ƙwayar farko kafin in bar ɗakin tiyata.