Akitek ko Mai Zanen Unguwa: Wane Aiki Kowanne Zai Yi Maka?

Wanda ya sayi fili a Rigasa ko Millennium City a garin Kaduna, yawanci mutum biyu ake nuna masa: mai zanen unguwa, ko akitek mai rajista da ARCON, hukumar da ke yi wa akitek rajista a Najeriya.

Mai zane yana da araha da sauri. Ka faɗa masa ɗaki nawa kake so, da falo da kicin da banɗaki, cikin 'yan kwanaki ya miƙo maka takarda. Daga nan aikinsa ya ƙare, sau da yawa bai ma taka filin ba.

Akitek kuwa sai ya je ya ga ƙasar da idonsa, ya duba inda rana ke bugawa da hanyar ruwan damina, musamman in filin yana kusa da Kogin Kaduna. Zai zauna da kai da uwargida ya ji yadda kuke zama: ina falon baƙi zai kasance don kada maza su ratsa tsakar gida, yadda banɗaki ba zai fuskanci alƙibla ba, ko akwai niyyar ɗora bene nan gaba. A wurina wannan zaman kaɗai ya cancanci rabin kuɗinsa. Sannan ya haɗa ka da injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniyoyi, ya lissafa rodi da ginshiƙai, a kammala zanen da za a kai KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, neman izinin gini. Zuwa duba magina kuwa, ka tambaya tun farko, domin galibi kuɗinsa daban ne.

In katanga ce ko ɗan shago, mai zane ya isa. Gidan iyali, balle bene, ni akitek zan kira.