Kwan Fitila Mai Wi-Fi Ko Mai Gane Motsi?

Mutane sun dame ni da tambayar wanne za su saya, to bari in amsa gaba ɗaya. Duka biyun fa akwai 'yar kwakwalwar lantarki a ɓoye cikinsu, irin abin da masanin kwamfuta Mark Weiser ya hango tun 1988, wato kwamfuta ta shige cikin kayan gida har ka manta tana nan.

Mai Wi-Fi ya fi tsada, kuma ba nan kuɗin ya tsaya ba, sai da rawuta (na'urar da ke raba Wi-Fi a gida) da data. Yawancinsu siginar Wi-Fi mai 2.4GHz kaɗai suke kamawa, ba kowace irin sigina ba, shi ya sa wasu ke kwana suna fama da manhaja ya ƙi haɗuwa. Amma in ya zauna daram, kana Legas za ka kunna fitilar tsakar gidanka a Kano, ka sa masa lokaci, ka rage haske. Matsalar, yaro ɗaya ya kashe makunnin bango shi ke nan wayarka ba ta ganinsa, sannan bayanan lokacin kwanciyarka suna zuwa wajen kamfani.

Mai gane motsi kuwa ɗaura shi kawai za ka yi, yawanci zafin jiki yake ji. Akuya ko kyanwa ma kunna shi suke wallahi, kuma da zafin Afrilu yakan yi nauyin ji saboda iska ta kusa kai zafin jikin mutum.

Mai yawan tafiya da ke da sola da intanet tsayayye, mai Wi-Fi ne nasa. Zaure, banɗaki, da gidan tsofaffi da ba ruwansu da manhaja, a sa mai gane motsi.